Turbo biyu ko babba guda ɗaya?

MaiSupra:
Salam ƴan uwa. Ina da mota Toyota Supra mai injin 2JZ-GTE, turbo biyun da ta zo da su (na'urorin da ke cusa wa inji ƙarin iska) sun fara shan baƙin mai, hayaƙi shuɗi na fita ta salansa. Wani ya ce in cire su in ɗora babba guda ɗaya, wani kuma ya ce in gyara biyun kawai. Ni dai ina son ƙarin ƙarfi amma kullum da ita nake fita aiki, ba ta tsere ba ce. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

TsohonBakanike:
Wa alaikassalam. Ɗan uwa fara gane yadda naka suke aiki tukuna. A injin nan ba tare suke tashi ba, ɗaya ke fara juyawa tun inji na ƙasa-ƙasa, sai ka kai wajen juyi 4,000 a minti na biyun ya shigo, shi ya sa kana taɓa totur motar ke amsa maka nan take. Matsalar ita ce bawuloli da ƙananan tiyo da ke tafiyar da wannan tsari, in suka tsufa ɗaya ya tsage sai ka wuni kana lalube ba ka gano shi ba, masu motar Mazda RX-7 ma kukan da suke yi kenan. Guda ɗaya kuwa bututu kaɗan, fili ya samu a ƙarƙashin bonet, gyara ya yi sauƙi. Ni shi zan sa, amma matsakaici. Kar a ruɗe ka da ƙato.

Totur_a_ƙasa:
Gaskiya oga ya faɗa kan ƙaton nan. Na taɓa yin wannan kuskure, wallahi a cikin cunkoso motar kamar an ɗaure mata ƙafa, ka taka shiru, ka ƙara takawa shiru, sai can ƙarfin ya zo gaba ɗaya baya ya nemi kwacewa. Hayaƙi ne ke juya turbo, babba kuma sai hayaƙi ya yi yawa yake farkawa. Bayan wata uku na cire shi.

MaiV6:
Ku dai kar ku yi wa biyu kuɗin goro. A inji mai siffar V kamar na motar Nissan 300ZX kowane ɓangare da nasa turbo, hakan ya fi dacewa da wurin. MaiSupra, naka silinda shida ne a jere, guda ɗaya zai zauna daram. Ko BMW ma daga injin N54 mai turbo biyu komawa suka yi injin N55 mai guda ɗaya, wanda hayaƙi ke shigar masa ta ƙofa biyu don rage jinkirin.

TsohonBakanike:
Af, na manta. In ka ƙara iska dole ka ƙara mai, wato nozul manya, famfon mai, intakula (mai sanyaya iskar da turbo ke turawa), sannan a sake saita ƙwaƙwalwar injin, in ba haka ba fistin ne zai narke. Kulocin ma duba shi.

MaiSupra:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Matsakaici zan nema. Oga, intakular da ta zo da motar za ta ɗauka ko ita ma canzawa zan yi?