Birkin waya yaudara ce, ko mai keken ne bai iya saiti ba?

Sarkin Gangara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kam sai na amayar da abin da ke cina. Keken hawan dutsen nan da na saya, mai shi har da rantsuwa wai birkinsa na faifai ne, irin na zamani. Faifan kam yana nan, amma waya ce ke jan sa. Ba na fita sai na tsuguna ina murɗe-murɗe. In na matse, ya riƙa gugar faifai yana ƙara kamar zai tsaga kunne. In na sassauta, sai hannun birkin ya zo har kan keke bai kama ba. In kuwa gangara ta yi tsawo, kafin in kai ƙasa yatsuna sun sage. Ni dai na yanke hukunci: birkin waya yaudara ce, an liƙa faifai ne kawai don a ɗauki hankalin mai saye. Zan cire in sa na mai, wato wanda mai ke tura shi ta cikin tiyo maimakon waya. Wanne ne mai sauƙin kuɗi da ba zai ba ni kunya ba?

Baba Mai Sifana: Wa alaikumus salam. Yaro, ka fara janye kalmar yaudara tukuna, sai mu yi magana. An ce maka birkin faifai ne, ka duba ka ga faifai. Wa ya yaudare ka?

Sarkin Gangara: Baba, abin da bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba, me sunansa?

Baba Mai Sifana: Sunansa abin da mai shi bai iya saitawa ba.

Ɗan Shimano: Baba, a yi haƙuri, amma yaron nan bai yi ƙarya ba. Yaudara ce mai lasisi. Kowa ya ga faifai a jikin taya sai ya ɗauka ya sami ƙarfin birkin mai, kuma masu haɗa kekunan nan sun san haka sarai.

Malam Lissafi: A'a, mu auna kalmar. Yaudara sai da niyyar ɓoye gaskiya. Wayar nan ba a ɓoye take ba, ga ta nan tun daga kan keke har taya. Wanda ya ga waya da idonsa ya biya kuɗi, ba a yaudare shi ba, bai yi tambaya ba ne. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Baba Mai Sifana: Malam, ka zo kare ni kuma ka kira abin rariya? Wannan ai gara yaudarar.

Malam Lissafi: Karin magana ce kawai, Baba, ba birkin nake nufi ba.

Uwar Tafiya: Ku bari in ba shi amsar abin da ya tambaya kafin ku cinye zaren. Ƙanena, matsalarka sananniya ce. Yawancin birkin waya mai arha, cikin takalma biyun da ke matse faifan, ɗaya ne ke motsi, na waje. Shi ke tura faifan har ya ɗan lanƙwasa ya je ya sami na ciki, wanda ke tsaye wuri ɗaya. To in takalmin ciki ya ci, tazarar ta ƙaru, kai kuma sai ka riƙa jan waya kana matsewa, alhali ba a nan gyaran yake ba. Akwai noti ta bayan kalifar, wato gidan da takalman ke ciki, ɓangaren da ke kallon taya, shi ke matso da takalmin ciki. Ka matso da shi dab da faifai ba tare da ya taɓa ba, sannan ka daidaita na waje. Ka duba wayar ma, in ta yi tsatsa ko rigarta ta yi laushi, rabin ƙarfin hannunka a hanya yake ƙarewa. Birkin mai ya ɗauke maka wannan duka, don fistin biyu ne ke matsowa tare daga ɓangare biyu, kuma suna biyo takalmin da kansu yayin da yake ci. Shi ya sa ba ya son saiti kullum, kuma yatsa ɗaya ya isa. In ka ƙudura sai na mai, Shimano MT200 ko Tektro HD-M275 su ne na ƙasa-ƙasa da aka sani, kuma galibi suna zuwa a haɗe da tiyonsu da mai a ciki.

Ɗan Shimano: Kun ji ko? Hajiya ma ta ce MT200. Magana ta ƙare.

Uwar Tafiya: Biyu na ambata, kuma da "in" na fara.

Baba Mai Sifana: Abin da nake so a gane, ba duk birkin waya ne ɗaya ba. Avid BB7 yana da abin murɗawa ta ciki da ta waje, kowane takalmi da nasa, ba sai ka taɓa waya ba. TRP Spyke kuwa waya ce ke jan sa amma takalman biyu ne ke motsi tare. Wanda ya hau ɗaya daga cikin waɗannan da rigar waya mai tauri, ba zai buɗe baki ya ce yaudara ba. Masu doguwar tafiya a keke, waɗanda ke shiga inda babu mai gyara, me ya sa da yawansu suke zaɓar waya? In ta tsinke a daji, kana da wata a jaka, da alanki ɗaya ka ɗaura ka wuce. Tiyon mai ya fashe maka a can, sai dai ka turo keken.

Ɗan Shimano: Baba, tsakani da Allah, tiyo nawa ka taɓa gani ya fashe?

Baba Mai Sifana: Na gani.

Ɗan Shimano: Nawa?

Baba Mai Sifana: Ina gyaran keke tun ba a haife ka ba, ba zan zauna ina yi maka ƙidaya ba.

Ɗan Shimano: Shekaru ai ba hujja ba ne, Baba. Kuma BB7 ɗin da kake yabo, a wurare da yawa kuɗinsa ya kai na birkin mai na ƙasa ko ya fi. Yaron nan sauƙin kuɗi ya tambaya.

Autan Zaure: Ni wani abokin yayana ya ce birkin mai in ya yi zafi yana fashewa.

Malam Lissafi: Ba ya fashewa, Auta. Abin da ke faruwa, in aka riƙe birki a doguwar gangara ba sassautawa, zafi na iya tafasa man da ke ciki. Tururi kuwa yana matsuwa, ba kamar mai ba, sai ka ja hannun birki ka ji shi lakwaf. Haka ma in iska ta shiga tiyo. Duk aikin birkin mai ya dogara ne a kan cewa mai ba ya matsuwa, abin da ka danna a sama shi ke isa ƙasa.

Mai DOT: Yawwa, an zo wurin. Shi ya sa na fi yarda da masu amfani da man DOT, wato irin man birkin mota, kamar birkunan kamfanin Hope da yawancin na kamfanin SRAM na da. DOT yana da ƙa'ida a rubuce: DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, DOT 5.1 kuma 260. Man minaral irin na Shimano fa? Kowane kamfani da nasa haɗin, kowa na cewa nasa kaɗai za ka saya.

Ɗan Shimano: Ka faɗi rabin zance. DOT yana shan danshi daga iska, yana tsufa ƙarfinsa na raguwa, DOT 4 ɗin nan in ya sha ruwa ƙa'idarsa ta sauko 155. Ya ɗiga a jikin keke ya ci fenti. Man minaral ba ruwansa da fenti. Kuma ka gaya wa jama'a, SRAM ɗin ma ba ta fito da DB8 da Maven masu man minaral ba? In DOT ne sarki me ya kai ta?

Mai DOT: Man minaral ba ya haɗuwa da ruwa, gaskiya ne. Sai ruwan ya taru wuri ɗaya a ƙasa, can cikin kalifa inda zafi ya fi yawa, ya tafasa a digiri 100. Wannan rabin kuma kai ka ɓoye shi.

Autan Zaure: To in mai ya ƙare min ba zan iya zuba man birkin mota ba? Ai duk birki ne.

Uwar Tafiya: Kul, Auta! Kada ka kuskura. Man birkin mota galibi DOT ne. Ka zuba shi a birkin da aka yi don man minaral, robobin ciki su kumbura su lalace, birkin ya tashi aiki. Haka ma in ka juya, minaral a na DOT. Abin da aka rubuta a murfin hannun birkin shi za ka zuba. Kuma DOT 5 daban yake da DOT 5.1, na silikon ne, ba a sa shi a keke.

Mai DOT: Ɗan Shimano dai ko me aka ce sai ya kawo Shimano. Ko kamfanin na biyan ka ne mu sani?

Ɗan Shimano: Kai da har yanzu ba ka dawo min da sirinjin fitar da iskan da ka ara ba, kai ne za ka yi min gori?

Mai DOT: Na ce maka robar bakinsa a tsage na karɓe shi.

Ɗan Shimano: Lafiya ƙalau na ba ka. Ka zuba masa DOT ɗinka ya cinye robar, ka zo kana cewa a tsage.

Baba Mai Sifana: Kun gani? Sirinji, mai kala biyu, robar da ke kumbura, iska a tiyo. Duk wannan a kan birkin da aka ce ba ya son gyara. Ka cire taya ka manta ka matsa hannun birki, fistin su fito takalma su haɗe, sai ka nemi abin buɗewa. Sannan wai nawa ne yaudara.

Malam Lissafi: Baba, a nan kuma ka yi son kai. Fitar da iska ba aikin kullum ba ne, wani sai ya daɗe bai taɓa ba. Naka kuwa takalmi na ci kana murɗawa. Bambancin shi ne naka ƙaramin aiki ne akai-akai wanda kowa zai iya, nasu aiki ne jefi-jefi mai son kayan aiki da ɗan sani. Kuma akwai abin da ba wanda ya tambayi mai ƙorafin: faifansa nawa ne? In mai faɗin milimita 160 ne a gaba, ya koma 180, faɗin ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100, ƙarfin tsayawa ma ya ƙaru kusan haka, kuma faifan ya fi ɗaukar zafi. Adafta kawai zai ƙara, bayan ya tabbatar fok ɗinsa, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, ya yarda da wannan girman. Gaba ce ke yin yawancin aikin tsayawa.

Mai DOT: 180 na yara ne. A sa 203 a huta.

Malam Lissafi: A kan fok mai arha? Kowane fok da iyakar faifan da aka yarje masa. Kada ka sa yaro ya karya abin sa.

Uwar Tafiya: Kuma ƙarar da ya ce yana ji, ba lallai daga waya take ba. In mai ko giris ya taɓa takalmi, ko birkin mai ne sai ya yi ihu kuma ba zai kama ba. A goge faifan da sifirit, takalmin da ya sha mai a canza shi. Sabon takalmi kuma sai an horar da shi: ka ɗauki gudu, ka ja birki da ƙarfi har ka kusa tsayawa, ka saki, ka maimaita sau da yawa. A kula kuma, wasu fayafayan masu arha an rubuta a jikinsu cewa takalmin resin kaɗai suke ɗauka, ba na ƙarfe ba.

Sarkin Gangara: Na gode Yaya. Faifaina 160 ne gaba da baya. Amma ga wata: hannun birkina a haɗe yake da na canja giya, abu ɗaya ne. In na sa na mai, ya zan yi da giyar?

Ɗan Shimano: Mai DOT, ka tambayi kowa a nan, sirinjin DOT daban na minaral daban. Kai ka haɗa su.

Mai DOT: Zan saya maka sabo, in dai za ka daina ambatonsa.

Baba Mai Sifana: Har yanzu ban ji an janye kalmar nan ba.

Autan Zaure: Baba, ko a ce "rashin gaskiya" a maimakonta?

Baba Mai Sifana: Auta, je ka ka yi wasanka.

Ɗan Shimano: To jama'a, tunda zancen ya yi tsawo bari in tattara abin da aka cim ma, don wanda zai zo daga baya. Na ɗaya, kowa ya amince birkin mai ya fi ƙarfi kuma ba ya gajiyar da hannu, Hajiya ta yi bayani, Malam Lissafi ya goyi baya. Na biyu, an ba Sarkin Gangara shawarar MT200, ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan. Na uku, man minaral ya fi DOT kwanciyar hankali, tunda har masu DOT ɗin sun fara dawowa hanya. Batun birkin waya kuwa, Baba ya nuna akwai masu ɗan dama-dama ga wanda ke da lokacin murɗe-murɗe, muna girmama ra'ayinsa na dattijo. Kalmar yaudara an bar ta yadda take, don ba a kawo wadda ta fi ta dacewa ba.

Malam Lissafi: Yaushe na goyi baya? Ni faifai 180 na ce ya gwada kafin ya kashe kuɗi, ka share shi gaba ɗaya.

Uwar Tafiya: Ka share saitin takalmin ciki ma, da Tektro. Kuma Sarki, in hannun a haɗe yake, sai ka sayi hannun giya daban, ka sa shi cikin lissafinka.

Mai DOT: "Dawowa hanya" wai. A cire wannan layin ko a sake taƙaitawar.

Ɗan Shimano: Na riga na rubuta. Wanda bai gamsu ba ya rubuta tasa.