Firez cikin shokola don maigida: me ke sa shokolar dunƙulewa?

Amaryar Yantala:
Assalamu alaikum uwayen gida. Ina son in yi wa maigida firez, 'ya'yan itacen nan ja da ake kira strawberry da Ingilishi, tsome cikin shokola ranar Alhamis, mun cika shekara da aure. Na ɗan gwada, shokolar ta dunƙule a kwano kamar tuwo. 'Yan waɗanda na samu na tsoma kuwa, da na fiddo su daga firigo sai ga ruwa na tsatsowa, shokolar na saɓulewa. Rabin kilo zan yi. Ina matsalar take, kuma shokola nawa za ta isa?

Mai Gato ta Filato:
Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Duka biyun ruwa ne. Narkakkiyar shokola ba ta shiri da shi ko kaɗan, ɗigo ɗaya ya isa ya jiƙa sukarin cikinta ya manne da garin koko, shi ne dunƙulen da kika gani.

Ki fara da firez ɗin. Zaɓi masu ƙwari, waɗanda ba su da tabo ko lutsawa. Wanke su da ganyensu a kai, kar ki cire, don ta wurin nan ruwa ke shiga ciki, kuma ganyen ne mariƙinki. Tsane kowanne da ƙyalle mai tsabta har ƙarƙashin ganyen, ki baza su a faranti su sha iska awa guda. Kar ki tsoma su da sanyin firigo a jikinsu, za su yi gumi a ƙarƙashin shokolar.

Rabin kilo yana cin giram 250 na baƙar shokola, da giram 50 na fara don ado. Yayyanka ta ƙanana. Zuba ruwa kaɗan a tukunya, kamar tsayin gaɓar yatsa biyu, ki ɗora busasshen kwano a bakinta yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba. Da ruwan ya fara motsi ki kashe wuta, tiririn ya isa. Ban da murfi, ban da muciyar katako, ita tana riƙe danshi.

Baban Shokola:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Saura zafin gari, wanda shi ne ainihin abokin gabarmu a Yamai. Man koko yana narkewa wajen digiri 34, shi ya sa lokacin sanyi, Janairu da Fabrairu, da firez ke shigowa, ya fi dacewa da wannan aiki. A watan Afrilu sai ɗaki mai kilim.

In shokolar gaske ce, wadda aka rubuta man koko a jikin takardarta, sai an daidaita ta kafin ta daskare da ƙyalli. Narka kashi biyu cikin uku har digiri 45 zuwa 50, sauke, ki goge gindin kwanon, ki riƙa zuba ragowar kashi ɗayan kina juyawa har ta sauko 31 zuwa 32. Farar shokola ta fi tsoron wuta: kar ta wuce 45, a yi aiki da ita wajen 28 zuwa 29. In babu ma'aunin zafi, shafa kaɗan a kan wuƙa. Ta kama cikin minti 5 a wuri mai sanyi, ta yi. Ta zauna danƙo-danƙo, ci gaba da juyawa.

A ganina dai, ƙanwata, nemi irin ta masu gato wadda aka haɗa da man tsirrai. Ɗanɗanonta bai kai na waccan ba, amma narkawa kawai take so, kuma ta fi jure zafi.

Uwargidan Talaje:
Za ki ji wasu na cewa a zuba man kwakwa don ta yi ruwa-ruwa. Ƙaramin cokali guda ba laifi, amma man kwakwa tun wajen digiri 24 yake narkewa, kafin maigida ya kai baki ta ɓata masa yatsu.

Juye shokolar a kofi mai zurfi. Riƙe ganyen, tsoma kashi uku cikin huɗu, a bar jan sama ya fito, shi ne kyan abin. Ɗaga, ki bari ta tsiyaye, ki shafi gindin a bakin kofi, sai ki ajiye kan takardar gashin gato. Soyayyar gyaɗa dakakkiya, riɗi ko kwakwa gurzajjiya, tun da ɗanyenta ake barbaɗawa. Zanen fara kuwa sai baƙar ta kama: zuba ta a 'yar leda, huda kusurwa ƙaramar huda, ki yi ta kai da komowa da sauri daga sama.

Firigo minti 10 zuwa 15 kawai, kar ki rufe farantin. Kwana a ciki shi ke kawo gumin nan da farin tabo. Ki yi su da la'asar, a ci bayan isha.

Amaryar Yantala:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ina da kalar gato ja, zan iya ɗigawa a farar ta zama ruwan hoda? Wadda ta dunƙule fa, zubarwa zan yi?

Mai Gato ta Filato:
In kalar ta ruwa ce kar ki soma, nan take za ta dunƙule miki farar. Sai mai narkewa a mai. Dunƙulalliyar kuma kar ki zubar. Ɗumama madara, ki riƙa zuba mata cokali-cokali kina juyawa har ta saki ta yi sumul. Ba za ta ƙara daskarewa a jikin firez ba, amma ki sa ta a ƙaramin kwano kusa da farantin, ku dangwala da ayaba ko dabino.