Ina son tsayawa takarar hukumar makarantu a Ontario, aikina ya tare min hanya

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Kanada. An canza wa yaranmu makaranta, iyaye ba mu ji ba sai a takardar da 'yata ta zo da ita a jaka. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa nake son neman kujerar wakilci a hukumar makarantunmu, a riƙa jin ta bakin iyaye kafin a yanke hukunci.

Dala 100 ta rajista ba matsala ba ce. Amma dokar Ontario ta ce ma'aikacin hukumar makarantu sai ya ɗauki hutu ba albashi kafin ya yi rajista, in ya ci kuma ya bar aikin. Ni kuwa awa ɗaya kawai nake aikin kula da yara a makaranta lokacin cin abinci. Har da irina dokar ta shafa? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.