Yaron da aka saba kira daƙiƙi: me kuka gwada ya yi aiki?

Malamar Turanci, Argungu:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Akwai yaro a ajina na JSS 2, shekararsa 14, har yanzu yana rikita b da d, kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. Amma ka karanta masa labari sau ɗaya, zai maido maka shi tsaf. Bulala kam ya sha ta tun firamare. Me kuka gwada?

Malamin lissafi, Ƙaura Namoda:
Wa alaikumus salam, Malama. Wannan ya yi kama da disleksiya, wahalar haɗa harafi da sautinsa, ba rashin basira ba ne. Shawarata, kada ki ce a tafa masa. Ɗan firamare na son tafi, amma saurayi ya san karanta layi guda bai kai a tafa ba, kuma da an fita tara 'yan bayan aji za su mayar da shi abin tsokana. Ni in ina makin littafi sai in rubuta a gefe da jan biro: "Jera lambobin nan ya yi daidai." A ranar, ba ƙarshen zango ba. "Ka yi ƙoƙari" kawai ba ta nuna masa abin da zai maimaita gobe.

Wata uwa, Birnin Kebbi:
Ɗiyata lissafi ne ya gagare ta. Babanta ya fara da ba ta kuɗi don ta yi karatu, ranar da babu kuɗi kuma babu karatu. Sai na miƙa mata cefane, ita ke ƙirga canji a gaban mai tumatur. Duk ranar da ya cika, ina faɗa wa kakarta a gabanta. Yanzu ita ke tuna mini.

Tsohon hedimasta, Zuru:
'Yata, kafin komai a duba masa ido da kunne a asibiti, na ga yaran da tabarau kaɗai suke buƙata. Sannan ki ba shi muƙami na gaske, ko riƙon alli da dasta, ko jagorancin muhawara tunda bakinsa na aiki. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta ba shi shekara 9 na ilimi kyauta kamar kowa, ba alfarma muke masa ba.

Malamar Turanci, Argungu:
Na gode Baba. Muhawarar zan fara da ita ranar Litinin. Sai dai BECE, jarrabawar kammala JSS 3, na tafe baɗi, ita kuwa a rubuce ake yin ta. Akwai wanda ya taɓa nema wa irin wannan yaro ƙarin lokaci a ɗakin jarrabawa?