Sayen magani a gidauniyar lafiya: ta ina kuɗin ke zurarewa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A ce gidauniya ce mai raba magani kyauta, rasit sun cika, lissafin ma'aji ya daidaita, amma sito kullum a bushe. Ta yaya kwamitin amintattu zai tabbatar kuɗin magani, magani suka sayo?

Akanta:
Wa alaikumus salam, Malam. Rasit kaɗai ba hujja ba ne, kowa na iya bugo shi. Kafin kuɗi su fita a jera takardu uku: ta oda, ta karɓar kaya a sito, da ta neman biya daga mai kawo kaya. Sunan magani, ƙarfinsa, adadi da farashi su zo ɗaya a dukkansu. Mai oda daban, mai karɓa daban, mai biya daban, kuma mutum biyu ke sa hannu a asusun banki.

A nemi farashi daga wuri uku, amma a duba adireshi da lambar waya, don mutum ɗaya kan zo da sunaye uku. A kuma sa ido kan babbar odar da aka yanka gida huɗu, don kowace ta faɗo ƙasa da adadin da sai kwamiti ya amince.

Mai harhaɗa magani:
Gaskiya ne, ranka ya daɗe, sai dai takarda kan yi kyau kwali ya zo da ɓarna. A buɗe katan a ƙirga, a rubuta lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi a katin sito. Wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ke fara fita, ko da jiya ya iso. Rangwame mai yawa abin tsoro ne: wataƙila wa'adin maganin ya kusa ƙarewa. Ko maganin da aka ba gidauniya kyauta, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ya iso da aƙalla shekara ɗaya a gabansa. A 2017 hukumar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko mara inganci, don haka a tsaya ga dila mai lasisi. Insulin da mafi yawan alluran rigakafi kuwa, a ajiye su a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Celsius, ana rubuta awon safe da yamma.

Yaushe za a sake oda? Idan kwalba 500 ke fita a wata, kaya kuma na ɗaukar wata biyu kafin su iso, a ƙara ajiyar wata ɗaya: da katin ya nuna 1,500, a tura. Jinkiri ke jawo sayen gaggawa, inda ake tsallake duk matakan nan.

Odita:
Ƙari kaɗan. Duk wata uku wanda ba ya riƙe makullin sito ya shiga ba sanarwa, ya zaɓi magani goma mafi cin kuɗi, ya gwada abin da ke kan kanta da kati, da kuma rajistar marasa lafiya. Kuɗin da mai bayarwa ya ware wa magani a buɗe masa shafinsa, kada a ranta a biya albashi. Mamban da ɗan'uwansa ke neman kwangilar ya faɗa a rubuce, ya fita daga zaman.