Wace kalma za mu ba toggle a Excel?

Jama'a, ina rubuta darasin VBA da Hausa, wato harshen da ake rubuta wa Excel umarni da shi, kalma ɗaya ta hana ni ci gaba: toggle.

Ga aikin da nake nufi. Takardar adashi ce a Excel. Uwar adashi ta danna gurbi sau biyu, "Bai zuba ba" mai launin ja ya koma "Ya zuba" mai kore. Ta sake dannawa, ya koma yadda yake. Makro ɗin, wato jerin umarnin da ke yin wannan aiki, yana zaune a Worksheet_BeforeDoubleClick, sashen da ke tashi in an danna gurbi sau biyu, yana duba abin da ke cikin Target, wato gurbin da aka danna, sai ya sa Interior.ColorIndex, lambar launin gurbin, ya zama 4 (kore) in da 3 (ja) ne, ko 3 in da 4 ne. Ana ƙara Cancel = True don kada gurbin ya buɗe wa rubutu.

Na fara da "sauya", na watsar. Mai sauya riga yana iya ɗaukar ta uku da ta huɗu, nan kuwa hali biyu ne kacal.

Wani malaminmu ya ce makunni, ko kunna-kashe. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, wannan ya zauna daram a kan True da False. Amma ja da kore fa, wanne ne a kunne? A nan ta gaza. "Kai-komo" kuma motsi ne da ba ya tsayawa, alhali gurbinmu yana nan zaune sai an taɓa shi.

Ni dai hankalina ya kwanta da juyin waina. Fuska biyu gare ta a tanda, ba ta juya kanta sai mai tuya ta sa hannu, kuma in aka juya sau biyu an dawo fuskar farko. Haka lissafin yake in gurbin 0 ko 1 yake ɗauke da shi: cire abin da ke gurbin daga 1, sai 0 ya zama 1, 1 ya zama 0.

Wata 'yar'uwa ta tuna mini cewa almajirai na cewa juya rubutu suna nufin kwafa. Gaskiyarki, Hajiya, kuma a Excel kwafa aikin kullum ne. Shi ya sa ba zan bar "juyi" tsirara ba. Sunan aikin juyin waina, umarnin kuma "yi wa gurbin juyin waina".

In launukan sun kai uku, ja zuwa rawaya zuwa kore, wannan karɓa-karɓa ce, darasinta daban.

Haka zan sa a darasin Asabar, sai dai in mutanen Damagaram ko Sakkwato suna da wadda ta fi ta gajarta. Ina saurare.