Jaruma tana cin kowane yaƙi, amma labarin bai kama zuciya ba: ina matsalar take?

Ummu_Karatu:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu nazarin littattafan almara ce, irin na sihiri da masarautun da babu su a duniya. Sai a ga jarumar mace ce, ga takobi ga siddabaru, babu namijin da ke ja da ita, amma mai karatu ya kai shafin ƙarshe ko a jikinsa. Me marubucin ya rasa?

Mai_Alƙalami:
Wa alaikumus salam, malama. Ɗauki biro ki bi littafin babi-babi. Duk inda labari ya canza alƙibla, rubuta sunan wanda ya yanke shawarar. Idan kika ga boka ne ya yi duba, ko sarki ya ba da umarni, ko saurayinta ya zaɓa mata, to rakiya kawai ta yi, komai yawan mazajen da ta kayar.

Sai batun sihirin. Dole marubuci ya bayyana abu uku tun kafin a ci sulusin littafi: abin da sihirin ke iya yi, abin da ba ya iyawa, da abin da yake ci a jikin mai shi. A ce duk sa'ad da ta kira wuta sai ta manta fuskar wani nata. Nan take kowane faɗa ya zama ciniki, mai karatu yana lissafin abin da ya rage mata. Inda ake ɓata aiki shi ne a babin ƙarshe wani sabon ƙarfi ya faɗo mata daga sama. Daga nan fargaba ta mutu, tunda an gane marubuci ba zai bari ta sha kashi ba.

Bintu_Sharhi:
Malam ya yi gaskiya, amma akwai saura. Duba sauran matan littafin, 'yar'uwa. Yawanci don a ɗaga jaruma sai a mayar da su sakarkaru ko makirai, ita kaɗai ce mai hankali. Akwai ma'aunin Bechdel, wanda ya samo asali a 1985: mata biyu su yi hira da juna kan wani abu da ba namiji ba. Ma'auni ne mai rauni, littafi mara daɗi ma yana iya tsallake shi, amma yana saurin tona asiri.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne aibin ƙarya, irin "ta cika tausayi". Aibi na gaske sai ya jawo asara: taurin kanta ya sa an ƙone gari, kuma mutanen garin ba su yafe mata a shafi na gaba ba.

Mai_Alƙalami:
Haka ne, sai dai kada asarar ta tsaya kan wasu kullum. Idan ƙawaye ne ke mutuwa ita ko ƙwarzane babu, an koma gidan jiya.

Ummu_Karatu:
Na gode. To idan jarumar sarauniya ce da ba ta taɓa riƙe makami ba, lissafin shawarwarin nan zai wadatar?